Idan rumbun bayanai ya yi nauyi: tambayoyi da amsoshi ga masu rubuta manhaja a Maradi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawo mini daga bakin matasan da ke rubuta manhajoji a nan Maradi, wasu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wasu kuwa masu kula da kwamfutocin shagunan sari, kantunan magani da makarantu masu zaman kansu. Kukan kusan ɗaya ne: manhajar da ke gudu ranar da aka miƙa ta ga mai ita, bayan shekara guda ko biyu ta koma jan ƙafa. Misalan sun fi karkata ga MySQL da PostgreSQL, nau'i biyu na rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da manhaja ke adana bayananta a tebura masu layuka da ginshiƙai. Duk inda na ce buƙata, ina nufin abin da masu sana'a ke kira reket, wato jimlar SQL da manhaja ke aika wa rumbu.

1. Manhajata ta yi nauyi. Ta yaya zan san ko rezo ne ko rumbun bayanai?

A garinmu rezo ake fara ɗora wa laifi, kuma sau da yawa ba a zalunce shi ba. Sai dai lokacin da mutum ke jira a gaban allo kashi uku ne: tafiyar saƙo zuwa uwar garke (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ko rumbun) da dawowarsa, aikin da manhaja ke yi da kanta, da aikin da rumbu ke yi. Muddin ba a raba su ba, duk gyaran da aka yi lalube ne a cikin duhu.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. Ku buɗe shafin da ba ya ɗauko bayanai da yawa, kamar shafin shiga, sannan ku buɗe wanda ake kuka da shi. Idan duka biyun suna jinkiri iri ɗaya, ku tuhumi rezo ko uwar garken kanta. Idan na farko ya buɗe nan take, na biyu ya tsaya, to matsalar tana cikin gida. Daga nan sai ku ɗauki buƙatar da shafin ke aikawa ku gudanar da ita a kan uwar garken kai tsaye. Na'urar umarni ta mysql tana nuna lokacin da kowace buƙata ta ci, a psql ta PostgreSQL kuwa sai kun kunna \timing. In ta yi jinkiri a can ma, ku wuce tambaya ta 3. In ta yi sauri amma shafin bai yi ba, ku duba ta 7.

2. Buƙatu suna da yawa. Wace ce ke cin lokacin?

Kada ku yi zato, ku sa rumbun ya faɗa da bakinsa. MySQL yana da kundin buƙatu masu jinkiri wanda ake kunnawa da slow_query_log, kuma a kashe yake zuwa. Ma'auninsa, long_query_time, yana zuwa ne a kan sakan 10, wanda ya yi yawa ƙwarai, domin akawun da ya jira sakan 3 da abokin ciniki tsaye a kansa ya riga ya gaji. Ku sauke shi zuwa sakan 1 ko rabin sakan, ku bar shi ya yini a ranar aiki sosai, sannan ku taƙaita abin da ya tara da mysqldumpslow ko pt-query-digest. A PostgreSQL makamancinsa shi ne log_min_duration_statement, wanda ake ba wa adadi da milisakan.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa: buƙatar da ta fi kowace daɗewa ba lalle ita ce ta fi cutarwa ba. A ce rahoton ƙarshen yini yana cin sakan 5, sau ɗaya a rana. A ce kuma akwai wata ƙaramar buƙata mai cin milisakan 40, amma ana kiran ta sau 20,000 a yini. Jimillar ta biyun sakan 800 ne, sama da minti 13, alhali ba za ta taɓa shiga kundin masu jinkiri ba. Shi ya sa nake ba masu PostgreSQL shawarar su kunna pg_stat_statements, wanda ke tara adadin kira da jimillar lokacin kowace irin buƙata. Sai an saka shi a shared_preload_libraries an sake tayar da rumbun kafin ya fara aiki. Ku jera sakamakon bisa jimillar lokaci, ku fara da na sama.

Wanda ya yi hayar wuri a uwar garken haɗaka, inda ba a ba shi ikon taɓa waɗannan saituna, yana iya aunawa daga cikin manhajar: ga manhajar da aka gina da Laravel ko Django, Laravel Debugbar da Django Debug Toolbar suna nuna kowace buƙata da lokacinta a shafin da aka buɗe.

3. Na gano buƙatar. Me EXPLAIN zai gaya mini?

SQL tana faɗa wa rumbu abin da ake so ne kawai, ba ta faɗa masa hanyar da zai bi. Rumbun ne ke zaɓen hanya, kuma idan kuka sa kalmar EXPLAIN a gaban buƙata, zai shimfiɗa muku hanyar da ya zaɓa. A MySQL ku fara kallon ginshiƙin type: idan ya ce ALL, kuma key ya ce NULL, rumbun yana karanta teburin ne daga farko har ƙarshe. Ginshiƙin rows yana nuna kiyasin layukan da zai duba. A PostgreSQL wannan karatun na gaba ɗaya shi ne Seq Scan, kuma adadin da ake kira cost ba milisakan ba ne, ma'auni ne na kwatanta wata hanya da wata.

EXPLAIN shi kaɗai hasashe ne. EXPLAIN ANALYZE, wanda PostgreSQL ya daɗe da shi, MySQL kuma ya samu tun daga 8.0.18, yana gudanar da buƙatar da gaske ya ba ku lokacin kowane mataki. A nan ku kwatanta layukan da aka kiyasta da waɗanda aka samu. Idan rumbun ya zaci layi 10 amma ya tarar da 80,000, to ya zaɓi hanyarsa ne bisa tsohon labari, kuma maganin yana tambaya ta 5. Ku lura da loops, domin matakin da ke cin milisakan 1 amma aka maimaita shi sau dubu biyar ya ci sakan 5. Rows Removed by Filter mai yawa kuwa alama ce ta cewa an karanta tuli an zubar domin a samo kaɗan.

Ina roƙon ku da ku riƙe wannan gargaɗin: a PostgreSQL, EXPLAIN ANALYZE a kan UPDATE ko DELETE zai canza bayanan da gaske. Ku buɗe da BEGIN, ku rufe da ROLLBACK, wanda ke soke canjin, kuma ya fi kyau a yi gwajin a kan kwafi.

4. Mece ce fihirisa, kuma a kan wane ginshiƙi ake saka ta?

Ku tuna littafin bashi na mai shago, wanda ake rubutawa bisa kwanan wata. Idan wani ya zo daga Tasawa yana son sanin abin da ake bin sa, dole a bi shafi bayan shafi, kuma kullum littafin ƙara kauri yake. Amma idan a bayan littafin an jera sunaye bisa haruffa, kowane suna da lambobin shafukansa, nan da nan za a kai ga wurin. Wannan jerin shi ne fihirisa. Irin da aka fi amfani da ita, B-tree, tana kai rumbu ga layin da ake nema da ƴan matakai ko da teburin ya kai layi miliyan.

Wurin da ya dace da ita shi ne ginshiƙan da ke yawan fitowa bayan WHERE, da waɗanda ake haɗa tebura da su a JOIN, da na ORDER BY. Akwai bambanci ɗaya da ke kama waɗanda suka ƙaura daga wannan rumbu zuwa wancan: InnoDB, injin adana bayanai na MySQL, yana ƙirƙirar fihirisa da kansa a kan ginshiƙin da aka ɗaure da wani tebur ta FOREIGN KEY, PostgreSQL kuwa ba ya yi. Teburin kayan da ke cikin kowane rasit, wanda ke ɗauke da lambar rasit ɗin, shi ne wurin da na fi tarar da wannan giɓin.

Idan fihirisa ta haɗa ginshiƙai biyu, jerinsu yana da muhimmanci. Wadda aka tsara bisa gari sannan suna tana da amfani ga mai neman mutanen Madarunfa, da mai neman wani suna a Madarunfa, amma galibi ba ta taimakon mai neman suna shi kaɗai. Ƙa'idar da nake bi ita ce a fara da ginshiƙin da ake daidaitawa da alamar daidai, a sa na tazara, irin su kwanan wata, a ƙarshe.

5. Na saka fihirisa, amma EXPLAIN ya nuna ba a amfani da ita. Me ya sa?

Dalilin da ya fi yawa shi ne an lulluɓe ginshiƙin da wani aiki. Wanda ya rubuta sharaɗi da YEAR ko DATE a kan ginshiƙin kwanan wata ya tilasta wa rumbun ya lissafa wa kowane layi kafin ya kwatanta, fihirisar kuwa tana jere ne bisa ainihin abin da ke cikin ginshiƙin. Gyaran shi ne a bar ginshiƙin tsirara a rubuta tazara: daga 1 ga Janairu 2024 zuwa ƙasa da 1 ga Janairu 2025. Haka LOWER a kan suna, sai dai idan an ƙirƙiri fihirisar a kan LOWER ɗin kansa.

Na biyu shi ne saɓanin nau'i. Lambobin wayarmu masu alƙaluma 8 akan adana su a matsayin rubutu, kuma hakan daidai ne. Amma idan manhaja ta aiko lambar ba tare da alamun zance ba, MySQL zai mayar da abin da ke kowane layi adadi kafin ya kwatanta, ya bar fihirisar a gefe, kuma ba zai yi ƙorafi ba. PostgreSQL a wannan hali ƙin karɓar buƙatar yake yi, wanda a ganina alheri ne.

Wani lokaci kuma rumbun ne ke da gaskiya. Idan teburin ƙarami ne, ko sharaɗin ya kama mafi yawan layukan, karanta shi baki ɗaya ya fi sauƙi. In kuwa kiyasinsa ya yi nesa da gaskiya, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 3, ku sabunta masa ƙididdiga da ANALYZE a PostgreSQL ko ANALYZE TABLE a MySQL, musamman bayan an loda bayanai masu yawa a lokaci guda.

6. Neman mutum da sunansa shi ne ya fi jinkiri. Akwai mafita?

Wannan matsala tamu ce ta musamman, domin suna ɗaya yana da rubutu iri-iri: Oumarou a takardar haihuwa, Umaru a hannun wanda ya yi karatu da Hausa, Oumar a katin wani. Saboda haka mai manhaja yakan sa LIKE da alamar % gaba da baya, don a kama kowane. Fihirisar B-tree kuwa da farkon kalma take aiki. Idan aka ce a nemo duk sunan da ke da wasu haruffa a tsakiyarsa, jerin haruffa ba shi da sauran amfani.

A PostgreSQL akwai pg_trgm, wanda ke yanka kalma gida uku-uku na haruffa, kuma fihirisar GIN da aka gina da shi tana hanzarta irin wannan nema, har tana iya kawo sunaye masu kama da juna. A MySQL akwai FULLTEXT, mai neman kalmomi cikakku ko farkonsu. Hanya mafi sauƙi, wadda na ga ta wadatar da makarantu, ita ce a ƙara ginshiƙi na biyu inda ake adana sunan a daidaitacciyar siga, ƙananan haruffa, an mayar da ou ya koma u, a sa masa fihirisa, a riƙa nema da farkon suna. A kuma hana manhajar aika buƙata da kowane harafi da aka danna. Ta jira har a rubuta uku.

7. Kowace buƙata tana da sauri, amma shafin yana ɗaukar lokaci. Ina matsalar take?

Ku ƙirga buƙatun da shafin ke aikawa. Abin da aka saba tararwa shi ne manhaja ta ɗauko jerin rasit 200 da buƙata ɗaya, sannan ga kowane rasit ta koma ta tambayi sunan mai shi, jimilla 201. Ana kiran wannan N+1, kuma kayan aikin da ke rubuta SQL a madadin mai manhaja suna haifar da shi ba tare da ya sani ba. Kamar a aiki yaro babbar kasuwa sau ɗari biyu ne, kowace tafiya ya sayo abu guda.

Idan manhaja da rumbu suna kan na'ura ɗaya, abin yakan ɓuya. Amma a ce manhajar tana kan kwamfutar shago a Maradi, rumbun kuma an yi masa haya a Faransa, kuma a ce kowace tafiya da dawowa tana cin milisakan 150: buƙatu 201 sun kai sakan 30, ko da rumbun bai ɓata lokaci ko kaɗan ba. Ƙara wa uwar garke ƙarfi ba zai rage wannan ba. Maganin shi ne a ɗauko komai a tafiya ɗaya ko biyu, da JOIN, ko da with a Laravel, ko select_related da prefetch_related a Django.

8. A kwamfutata tana gudu, a wurin mai shago tana rarrafe. Me ya bambanta?

Yawan bayanai. Da layi 50 na gwaji kowace hanya gajeriya ce, kuma rumbun ma yakan zaɓi wata hanya dabam idan tebur ya girma. Ku cika rumbun gwajinku da bayanan ƙirƙira daidai da abin da shagon zai tara cikin shekara uku. Idan kuwa za ku ɗauki kwafin na gaskiya, sai da izinin mai shi, a kuma shafe sunaye da lambobin waya, domin amanar mutane ce.

9. Jinkirin ba kullum ba ne, lokaci-lokaci yake zuwa. Ta yaya ake kama shi?

Irin wannan galibi jira ne, ba aiki ba: wata buƙata ta kulle layi, sauran suna tsaye a bayanta. Sai an kama shi yana faruwa. Da zarar an ce ya tsaya, ku gudanar da SHOW FULL PROCESSLIST a MySQL, ko ku duba pg_stat_activity a PostgreSQL, inda pg_blocking_pids zai nuna wanda ya tare hanya. Duk haɗin da ya daɗe a halin idle in transaction abin tuhuma ne: ya buɗe ɗaurin aiki, wato jerin buƙatun da ake zartarwa tare, da BEGIN, bai rufe da COMMIT ba.

Na taɓa yini a wani shagon sari da ke kusa da kasuwa saboda wannan. Mai shagon ya ce mini: "Malam, da safe lafiya lau take, amma da azahar sai ta ƙame." Na zauna a bayan akawu ina kallo. Ya buɗe takardar sayar da shinkafa, ya shigar da adadin buhuna, aka kira salla, ya tashi ya bar ta a buɗe. Manhajar an rubuta ta ne yadda take kulle layin kayan tun daga buɗe takardar, don haka yaron da ke ɗaya kwamfutar, da ya zo sayar da shinkafar, sai allonsa ya tsaya har sakan 50, wanda shi ne wa'adin jiran kulle da InnoDB ke zuwa da shi, sannan ya fito da kuskure. Na ce: "Alhaji, kwamfutarku ba ta da laifi, kuma ba sai kun sayi sabuwa ba." Gyaran bai wuce a jinkirta buɗe ɗaurin aikin har sai an danna adanawa ba.

Ku duba kuma ko lokacin jinkirin ya yi daidai da na ɗaukar kwafin ajiya ko na rahoton ƙarshen wata. Bayan an ɗauke wuta an dawo, buƙatun farko sukan yi nauyi domin ƙwaƙwalwar na'ura, wato RAM, ta koma fayau, sai an sake karanto komai daga faifai. Kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka kuwa, idan zafin Afrilu ya zo, takan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone.

10. Shafin farko na jeri yana buɗewa da sauri, na ƙarshe ba ya yi. Me ke jawo haka?

OFFSET ne. Idan aka ce LIMIT 20 OFFSET 50000, rumbun zai bi layi 50,020 ya zubar da 50,000. Ku riƙe lambar layin ƙarshe da aka nuna, ku ce a kawo 20 da ke bin ta, a kan ginshiƙi mai fihirisa. Ku rage kuma amfani da SELECT da tauraro a teburin da ke ɗauke da hotuna ko dogon rubutu.

11. Ba zai fi sauƙi in sa fihirisa a kowane ginshiƙi ba?

A'a. Kowace fihirisa sai an sabunta ta duk lokacin da aka shigar da layi ko aka share shi, kuma tana cin faifai da ƙwaƙwalwa. Ku ƙara wadda EXPLAIN ya nuna ana buƙatar ta, ku cire wadda ba a taɓawa. A PostgreSQL, pg_stat_user_indexes yana nuna sau nawa aka yi amfani da kowace.

12. Yaushe ne sayen babbar uwar garke ko ƙara RAM ya dace?

Bayan an wuce tambayoyin da suka gabata, ba kafin nan ba. Ina jin ciwo idan na ga an sa ɗan kasuwa ya fitar da jaka ɗaruruwa a kan na'ura, alhali fihirisa guda ta isa. Kafin a sayi komai, a duba ko rumbun yana cin moriyar abin da ke akwai. Saitin innodb_buffer_pool_size na MySQL da shared_buffers na PostgreSQL, masu ƙayyade ƙwaƙwalwar da rumbu ke riƙe bayanai a ciki, duka kan zo ne a kan megabayit 128, ko da na'urar tana da gigabayit 16. Ga na'urar da aka keɓe wa rumbu kaɗai, jagorar PostgreSQL ta ba da shawarar farawa da kashi 25 cikin ɗari na ƙwaƙwalwa, a MySQL kuwa ana iya kaiwa kashi 80. Idan manhajar tana kan na'urar ita ma, dole a bar mata rabonta.

A yi hankali da work_mem na PostgreSQL, wato ƙwaƙwalwar da ake ware wa aiki irin jeranta layuka, mai zuwa a kan megabayit 4. Idan EXPLAIN ANALYZE ya nuna external merge, jerantawar ta zuba a faifai kuma ƙara shi zai taimaka, amma kowane haɗi, kai har kowane matakin jerantawa, yana iya cin nasa kason, don haka ya fi aminci a ƙara shi ga rahoton da ke buƙata kaɗai. Sayayyar da ta fi nuna bambanci ga shagon da har yanzu ke kan tsohon faifai mai juyawa ita ce komawa SSD, faifan da ba ya juyawa.

13. Ta yaya zan yi gyaran ba tare da na tsayar da ciniki ba?

Ku ɗauki kwafin ajiya, ku tabbatar yana buɗuwa, sannan ku rubuta lokacin da buƙatar ke ci da abin da EXPLAIN ya nuna kafin ku taɓa komai. Ku canza abu ɗaya, ku sake aunawa sau uku ko huɗu, domin gudu na biyu yakan fi na farko sauri saboda bayanan sun riga sun hau ƙwaƙwalwa, kuma wannan kan yaudari mutum ya zaci gyaransa ne ya yi aiki.

A PostgreSQL, CREATE INDEX na yau da kullum yana hana rubutu a teburin har ya gama, don haka a rumbun da ake aiki da shi ku yi amfani da CREATE INDEX CONCURRENTLY, wanda ya fi daɗewa amma ba ya tare masu shigar da ciniki. Idan ya katse a tsakiya yakan bar fihirisa marar inganci, sai an share ta an sake. InnoDB yana iya ƙara fihirisa ana ci gaba da rubutu, amma ɗaurin aikin da aka bari a buɗe, irin na tambaya ta 9, yana iya tsayar da shi, sauran buƙatu kuma su taru a bayansa. Ku zaɓi lokacin da shago ya rufe, na'urar tana kan batir ko janareta, kuma ku bar kundin tambaya ta 2 a kunne har mako guda bayan gyaran.